Datti Direba da Ragon Hanne

Maƙwabcina Datti direban bas ne, Ajingi zuwa Kano. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tari ya yi ina da labari. Mutum ne mai haƙuri, sai dai bai iya wuce mai abinci ba. Koko da ƙosai a tasha, gurasa a Gaya, shinkafa da wake a Kano, in ya dawo gida kuma tuwo ya sha kashi. Tumbinsa har sitiyari yake gogawa. Ni kuwa Alhaji Buhu nake kiransa, kuma yana amsawa.

Bara jiri ya ɗebe shi da fasinja cike da mota, ya gangara cikin gonar gyaɗa. Ba wanda ya ji ciwo, amma mai motar, Alhaji Maiwada, ya karɓe mukulli. A asibiti aka ce hawan jini ne. Alhaji Maiwada ya ce in jinin bai sauka ba kafin Babbar Sallah, wani zai ba wa motar. Likita kuma ya ce ya sha magani, ya rage tuwo da gishiri, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum da safe.

Rage tuwo bai yi wuya ba, tunda matarsa Hanne ce ke kwashewa. Tafiyar ce ta gagara. A garinmu magidanci ba ya kama hanya a ƙasa hannu biyu ba dalili. Da ya miƙi hanyar Gafasa sai mai babur ya taka birki.

"Direba, lafiya? Hau in kai ka."

"Motsa jiki nake yi."

"Haba, don an karɓe mota? Ai ba abin kunya ba ne. Hau!"

Datti ba ya iya ƙin alheri. Sai ya hau, a kai shi Gafasa inda ba shi da abin yi, can kuma a dama masa fura. Na ce, "Alhaji Buhu, a wannan motsa jikin naka babur ne zai rame." Ya gaji, ya daina fita.

Ana haka Hanne ta tafi Kademi zaman jegon ƙanwarta, ta bar wa 'yarsu Umaima tukunya da dokar malmala ɗaya. Shi kuma Datti ya lura cewa mai jan dabba ba wanda ke tsaya masa, kowa ya san da aikinsa. Sai ya kwance ragon da Hanne ta turke take ɗura wa dusa da harawa don ta sayar da Sallah. Ko yaro ya san ragon turka ba ya yawo. Direba dai bai sani ba. Kullum daga sallar asuba sai su kama hanya, rago a gaba, Datti na haki a baya.

Ranar da Hanne ta dawo ina jin su ta katanga.

"Baban Umaima, ina ragona?"

"Ga shi nan a gabanki."

"Wannan? Na bar rago, na dawo na tarar da barewa?"

Na leƙa na ce, "Yi haƙuri Hanne, su biyun likita ya rubuta wa."

"Bilya, sauka daga katangar nan kafin in jefo maka muciya!"

Ta ɗaure ragonta tamau, ta ce ko ƙofa kada ya sake gani. Washegari ana sallame asuba rago ya fara kuka yana tunkuyin turke, har kajina suka firgita. Hanne ta fito a fusace, sai ta ga mijinta tsaye yana ƙara tsuke mazagin wando don kada ya zame. Da hannunta ta kwance igiyar ta miƙa masa.

"Ungo. Rago dai ya riga ya lalace, kai ka gyaru."

Kafin Sallah aka sake awo, jini ya sauka, Alhaji Maiwada ya mayar da mukulli. Ragon ba a ma kai shi kasuwa ba, wa zai saya? Har yau sai sun yi zagayensu kafin Datti ya tafi lodi, ranar da ya so yin lalaci kuwa rago ba ya yarda.

Ni ne dai na yi asarar wanda zan kira Buhu. Jiya ma ya dubi cikina ya ce igiyar tana da tsawo, za ta ishe mu mu biyu.