Akun Kawu Sale

Da Kawu Sale ya samu aiki a sakatariyar Dutse, ko katifa bai saya ba sai da ya sayi aku. Wani direban goro ne ya kawo shi daga kurmi, jikinsa ruwan toka, wutsiyarsa ja kamar barkono. Aka datse masa fiffike, aka rataye kejinsa a zauren gidanmu na Yalwawa. Ni na koya masa "sannu da zuwa", in ya yi shiru in tsokane shi da tsinke.

Kakarmu Dada ta zauna a kurmi zamanin da kakanmu ke kiwo a can. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta dariya in akun ya yi magana. Ran nan bayan isha'i muna kewaye da murhunta, ta iza wuta ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya kama."

A kurmi, in ji ta, garke guda aku ke tashi, su ci kwakwar manja, su kwana a kogon manyan itatuwa, miji da mata ba sa rabuwa. Sai wani maharbi ya kama ɗaya ya ɗaure a reshe, ya shafe sauran rassan da danƙo. Akun ya yi ta kuka wai 'yan'uwansa su gudu. Su kuwa da suka ji muryar nasu sai suka sauko, danƙo ya riƙe su, har da matarsa. Ranar ya rantse ya bar kukan gidansu. Gara ya ari bakin mutane, wanda babu akun da zai amsa.

Kawu yana bakin ƙofa, ya ce, "Haba Dada, tsuntsu ne fa. Kullum ina ba shi gyaɗa."

"Zo in kulle ka in ba ka gyaɗa, Sale. Allah zai tambaye ka hakkinsa."

Ba a saki akun ba. Ina za shi babu fiffike? Kafin damina ya fara fige gashin ƙirjinsa da kansa, ya daina cin abinci. Da ya mutu, Kawu ko kunya babu ya tsige jar wutsiyar ya sayar wa mai magani.

Na yi shekaru ina jin haushin Kawu, har yau ma ban huce ba. Amma da na girma na gane tsinken a hannuna yake. Ranar akun ta ƙarshe na shiga zauren, yana kwance a ƙasan keji, ƙirji duk jini. Ya ɗago kai ya ce mini, "Sannu da zuwa."