Ruwan Tankin Gesse da Zalɓen Inna Ige

A Argungu, wutar da muke zagayewa bayan magariba ta bandar kifi ce. Kakata Inna Ige takan zauna gefenta tana juya tarwaɗa, hayaƙi na sa mu hawaye, babu mai tashi.

Tatsuniyarta da ta fi zauna mini ta zalɓe ce. Wai kunkuru ya zo wani tafki baƙunta. Zalɓe ya tara kifaye ya ce: "Ni ban ce ya yi komi ba. Amma mi ya sa yake ɓoye kai in ya gan mu?" Tsoro ya shiga ruwa. Kifaye suka kori baƙo, suka rinƙa zargin juna, har wasu suka gudu bakin gaɓa suka bushe. Da Sarkin Ruwa ya zauna shari'a, zalɓe ya rantse bai yi ƙarya ba.

"Kuma gaskiya tai, ɗiyana," in ji Inna Ige, tana nuna mu da icen wuta. "Bai yi ƙarya ba. Amma wa yak kashe kifayen?"

Na girma, na buɗe shago a Gesse, cikin Birnin Kebbi. Wata safiya na hangi maƙwabcina Bulus, mai gyaran famfo, mutumin Filato, yana zuba farin gari a tankin ruwan unguwa. Ban tambaye shi ba. Sai na je majalisa na ba da labarin garin, na ce, "Ni dai na ga abin da na gani."

Kafin azahar magana ta zama guba. Mata suka zubar da ruwan randuna, matasa suka cika ƙofar gidansa da sanduna, 'ya'yansa na kuka a ciki. Ashe maganin tsabtace ruwa ne, kuma mai unguwa ya sa shi.

Na ratsa taron, na jingina bayana da ƙyaurensa.

"Alhaji, kauce!" in ji wani yaro.

Na ce, "Ni na fara maganar nan, kuma ban san komi ba. Mai son duka ya fara da ni." Na sa aka ɗebo ruwan tankin, na shanye kofi biyu a gabansu. Sannu a hankali suka watse.

Da 'yan sanda suka kai ni caji ofis, aka faɗa mini sunan laifina: tunzura jama'a da tayar da hankalinsu. Na so in ce ban yi ƙarya ba, sai na tuna zalɓen Inna Ige. Na amsa laifi. Bulus ya ce shi ya janye ƙara.

Yanzu da na tsufa na gane Inna Ige ba ta shiga aji ba, amma ta riga doka sanin cewa zato ma makami ne. Ina alfahari da ita, da kuma tsayuwar da na yi a ƙofar nan. Bulus ya yafe mini a ranar. Matarsa Rifkatu kuwa sai da ta shekara ba ta amsa gaisuwata ba, kuma kullum sai na gaishe ta.