Akwatin Baba Waliu

Duk wanda ya koyi kwamfuta a saman benen nan na Titin Ibrahim Taiwo ya san Baba Waliu, ya kuma san tsawarsa. Ɗan tela ne, haifaffen Fagge, kakansa ne ya zo daga Ilori. Ɗinki ya ƙi shi, shi ma ya ƙi ɗinki, amma ya tashi da aƙidar gidansu kaf: gwani da hannunsa yake haɗa kayan aikinsa, yaro kuma ba ya gyara wa maigidansa magana ko da wasa.

Harshen kwamfuta da ake kira Python ya koya daga wani littafi da ya tsinta a Kasuwar Sabon Gari, rabinsa na baya an yage, wataƙila an naɗe tsire da shi. Da rabin littafin nan ya zama malami. A nan ya ci karo da wata matsala: alamar tarawa ko ta ninkawa ba a miƙa ta ga wani aiki yadda ake miƙa almakashi, sai an rubuta mata 'yan layukan umarni, an yi mata ɗan gida mai suna. Sai Baba ya zauna ya gina gidajen ɗaya bayan ɗaya, na tarawa, na gwada babba da ƙarami, na zaro abu daga cikin jeri. Shekaru ya yi yana goge su. Ya sa musu suna Akwati. Intanet kuwa ya haramta a shagon, wai wurin malalata ne.

Ranar yaye, bisa al'adar gidansu, almajirin sana'a zai durƙusa gaban iyaye, Baba ya ɗora masa filas na kwamfuta mai ɗauke da Akwati a tafin hannu. Gadon da Baba zai bari ke nan a duniya. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota, amma yana da Akwati, kuma wallahi ya fi ji da shi fiye da hular kansa.

To, ana gobe yayen Ummakulsum, ɗalibarsa mai shiru-shiru, ta tafi sallar la'asar ta bar kwamfutarta a buɗe. Baba ya zauna ya duba aikinta. Ya nemi inda ta kira Akwati, babu. A can sama sai wani suna da bai taɓa gani ba: operator. Ya yi tsaki, ya danna don ya ga abin ya watse.

Aikin ya tafi sumul.

Ya buɗe bayanin operator ɗin da ya zo tare da Python. Innalillahi! Ga na tarawa. Ga na ninkawa. Ga na zaro abu daga jeri, wanda ya cinye masa azumi guda. Duk suna nan a shirye, kyauta, cikin kwamfutar da yake zama a gabanta kullum, tun kafin ya tsinci littafin. Gumi ya karyo masa har cikin hula.

Bai jira ta dawo ba. Ya sauko ya tari Keke sai Sabon Gari, shagon Chinedu, almajirinsa na farko, wanda yanzu yake rubuta wa 'yan kasuwa manhaja.

"Chinedu, ka san wani abu wai shi operator?"

Chinedu ya miƙe tsaye, ya kai hannu baya, ya sunkuyar da kai.

"Magana nake maka!"

"Oga, na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ina wurinka. Ni na nuna wa na bayana, su ma suka nuna wa na bayansu."

"Dukkanku? Kuna kallona ina ta fama, ba wanda ya buɗe baki?"

"Haba Oga. Kai ka ce yaro ba ya gyara wa maigida. Wa zai iya?"

Baba da ake jin muryarsa daga ƙasan bene, ya fito daga shagon ko sallama bai yi ba.

Washegari aka cika. An kawo shinkafa da lemo, iyayen Ummakulsum sun sha ado, tsofaffin almajirai sun jeru a baya, har da Chinedu. Filas yana aljihun Baba, ya riƙe shi har ya jiƙe. Ya yi niyyar ba zai bayar ba. Amma yarinya ta durƙusa ta miƙo hannu biyu, uwarta ta ɗaga waya tana ɗauka, kuma ba a taɓa sallamar almajiri hannu wofi ba.

Ya ɗora mata.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma," in ji ta, ta sunkuyar da kai.

Sunkuyon nan ya sani sarai. Haka Chinedu ya yi jiya, haka kowannensu ya yi ranar yayensa, shi kuwa duk shekarun nan ya ɗauka kwarjinin Akwati ne. Ya ɗaga ido ya dubi na baya. Suna ta tafi, babu ɗaya da ya yarda suka haɗa ido.