Haƙoran da ke Ƙasan Rijiyar Jatau

Kawuna Jatau mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye gabas da Sukukutane, gajere, mai taurin kai, magana sai an ja shi. Zamanin Nasara ne, shekarar da tsohuwar rijiyarmu ta ƙafe, shanun Fulani suna faɗuwa a bakin gari. Shi aka sa ya haƙa sabuwa.

Tsoron kowa ɗaya ne. A ƙauyen maƙwabta mahaƙa sun taɓa tono ƙasusuwan da suka zama dutse. Wani Nasara mai tara irinsu ya ji, ya sa aka hana ɗibar ruwa, aka zuba maza aikin tilas har rijiyar ta rufta. Shi ya aiko mana gardinsa, wato dogarinsa, Illo, ya zauna bakin ramin Kawu yana tona duk kwandon ƙasar da aka jawo.

Ranar da ƙasa ta fara danshi, dagin Kawu ya bugi wani abu. Ya share da hannu, sai ga muƙamuƙi irin na kada, amma ya fi tsawon mutum, haƙora jere, duka dutse. Shi a ganinsa gidan aljana doguwa ya fasa.

Illo ya leƙo. "Mahaƙi, mi ya sa ka yi shiru?"

"Hwa ne, ranka shi daɗe. Dutsi mai tauri."

"Aiko shi mu gani."

Kawu ya fasa dutsen banza a gefe ya cika kwando. Illo ya juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai sauko da kansa. Har an ɗaura masa igiya. Kawu ya ci gaba da saran gefen muƙamuƙin kamar mahaukaci, sai ruwa ya ɓulɓulo, jajir da laka, ya rufe haƙoran. Illo ya ji guɗar mata, ya kwance igiyarsa.

A al'adarmu mahaƙi ke fara sha. Aka miƙa masa ƙwarya. Ya shanye, ya zauna yana jiran doguwa ta ɗauke shi, ba ta zo ba.

Tun daga ranar bai yarda kowa ya shiga yasar rijiyar ba sai shi, har gemunsa ya yi fari, muna zaginsa da son girma. Sai da ƙafa ta ƙi ya kira ni ya faɗa mini sirrin, na ji kunya ta rufe ni. Ya miƙo mini igiyar ya ce, "In ka sauka, ka gaishe ta. Kar ka taɓa haƙoran."