Kunnen Kawu Ubale

Kawuna Ubale bai taɓa tambayar mai inji abin da ya lalace ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Yaya yake kuka?"

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran injin markaɗe da janareta a rumfarsa da ke unguwar Yara a Keffi. Yawancin masu kawo masa aiki matan ƙauye ne, wata Mada, wata Eggon, wata Gwandara, kuma Hausarsu ba ta kai ga sunayen ƙarafa ba. To sai su yi masa kukan injin da baki. Ka ga babbar mace da goyo ta tsaya tsakiyar rumfa tana "gudum-gudum-gudum, ƙas!" Kawu ya karkata kai ya ce, "Boris ne." Ya hau babur ya je, ya tarar boris ɗin ne kuwa. Ko a waya aka yi masa, ba ya kuskure. Sunan da ya yi a Keffi duk na kunne ne.

Ni da na yi zango biyu a jami'a kafin su gaji da ni, abu ɗaya na tsira da shi: irin waɗannan kalmomi amsa-kama ake ce musu, kuma wai har mutanen Japan da Koriya suna da su buhu-buhu. Na kawo wa Kawu labari ina hura hanci.

"Abin da aka biya maka kuɗin makaranta ke nan?" in ji shi. "Ai ko da wane yare mutum ya zo, in ƙarar mai nauyi ce baki zumɓurewa yake: gum, dum. In siririya ce sai ka ga haƙora: ƙis, tsil. Anjelina mai markaɗe ta Garaku ta koya mini, ko sisi ban ba ta ba."

Injinan da ya yi wa hidima su suka cinye masa kunne, kaɗan-kaɗan. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai kai wa kurma kukan inji? Ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, don kada a kira shi. Ya koma zura wa mutane ido a baki, yana karanta zumɓurar leɓe da kumburin kumatu, kuma yawanci yana dacewa. Shekara guda ya yi a haka, yana ciyar da gidansa. Ni kaɗai na gano, ni kuwa bakina ba ya riƙe abu.

Wata ranar kasuwa rumfar ta cika. Anjelina ta zo da mata uku, ga masu babur suna shan inuwa. Shaiɗan ya hau ni. Na tsaya gaban Kawu, na nuna janaretan mai shayin da ke tsallaken titi, na kumbura kumatu ina motsa baki, ba tare da ko ƙis ya fito ba.

Kawu ya kalle ni da kyau, ya gyaɗa kai. "Fistin ne. Ce masa ya kashe kafin ya fasa."

Masu babur suka tuntsire da dariya, har da mai dukan benci. Kawu ma ya yi murmushi, yana zaton wata tsiyar na yi kamar kullum. Anjelina ce ba ta yi dariya ba. Ta matso, ta dafa gwiwarsa, ta ce, "Baba, yaron nan bai ce komai ba fa."

Ya dubi bakinta. Ta maimaita a hankali. Sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye sufana a kan benci, ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

Kafin sati labari ya kai Garaku. Matan suka koma wurin wasu samari masu kwance inji gaba ɗaya su nemo ciwon. Anjelina ta ƙara zuwa sau biyu, na san don kunya ne. Bayan Babbar Salla ya rufe rumfar. Yanzu wani mai cajin waya ne a ciki.

Na je gida ba shi haƙuri. Na durƙusa daidai gabansa inda zai gan ni sosai, na fara, "Kawu, don Allah..."

Ya ɗauke idonsa daga bakina ya mayar kan bango. Na yi ta magana har na gama. Bai juyo ba.