Ɗigon Jan Farce

Ba a taɓa cutar Injiniya a harkar kayan gyara ba. Shi da kansa yake faɗa, kuma shekara talatin ba a samu mai musa masa ba, don ba kowa ke sauraro ba.

Aikinsa kula da allunan lantarki masu sarrafa injinan masaƙa. Kamfanin da ya ƙera su ya rufe tun Injiniya yana da suma, saboda haka in allo ya ƙone sai dai a nemo tsoho. Yana da tsarinsa: duk allon da ya mutu, sai ya ɗiga masa jan farcen matarsa a baya kafin ya zubar. Takan ce, "Maigida, ni na saya, injinanka ke kwalliya."

Da babban inji ya tsaya, ma'aikata arba'in suka zauna gida. Mako uku yana bin rumfuna yana zazzage buhuna, har ya samu irin allon da ya ƙone a wurin wani mai tsofaffin kaya bayan tashar mota.

Mutumin ya ce, "Baba, wannan sabo ne, bai taɓa aiki ba."

"Ni za ka koya wa allo?" in ji Injiniya. Ya sa tabarau ya duba fuskar allon, ya shinshina bai ji ƙauri ba, ya saya.

Ya dawo ana ta yi masa barka, manaja har da miƙewa tsaye. Injiniya ya juya allon zai saka. A bayansa akwai ɗigon jan farce.