Cokalin Batula ba ya cikin gado

A unguwarmu ta Saint-Denis, a nan ƙasar Turawa, ana cewa Batula ta zare tun da mijinta ya rasu. Ni Shamsiya maƙwabciyarta ce, ƙofa na kallon ƙofa, kuma mai wannan magana ya zo ya maimaita ta a gabana in ya isa.

Batula 'yar Damagaram ce, tana dafa wa yara abinci a wata makaranta. Mijinta Mounkaila, baban 'yarta Sofia, dakon akwatunan kifi yake yi a kasuwar Rungis. Mutumin da ya kwashe mako yana ƙarnin kifi, ranar hutunsa ma sai ya saɓa sandar fatsa ya nufi bakin ruwa! Tsiyar da muka yi masa ba kaɗan ba ce. Akwatinsa cike yake da abubuwan ruɗin kifi: kifayen roba masu rawar wutsiya, da tsutsotsin roba, da wasu ƙarafa masu juyi. Amma duk ranar da kifi ya yi taurin kai, cokali yake ɗaurawa.

Cokalin shayi ne, daga kayan ɗakin da uwar Batula ta yi mata. Mounkaila ya ɗauke shi a ɓoye, ya yanke mariƙin da zarto, ya huda kai da gindi, ya maƙala ƙugiya. Ranar da Batula ta gane, benen nan kaf ya ji muryarta. Washegari ta bi shi bakin kanal, haƙaƙƙen rafin da ke kusa da mu, wai ta ga aikin da cokalinta yake yi. Ta ga yana walƙiya cikin ruwa yana tangaɗi, ta ga blakbas, kifin nan mai ƙaton baki, ya fito daga ciyawa ya cafke shi. Ta ce a ba ta sandar. Daga nan kullum Lahadi sai ta ce za ta kai wa maigida abinci, mu kuma muka yi kamar ba mu gane ba.

Da ya rasu, wansa Alhaji Hassoumi ya zo daga garin Lyon. Bayan addu'ar arba'in ya tattara riguna da agogo da akwatin fatsar, ya ce kayan maza ne, za a raba wa magada. Batula tana takaba, tana kallo ya fita da su. Amma na san ba akwatin ne ya dame ta ba, cokalin ne.

Tana fita takaba ta sayi sanda, ta sabunta katin izinin kamun kifi, ta koma kanal ita kaɗai da mayafinta. Nan surutu ya tashi. Ta kira Alhaji a waya ta roƙi cokalinta, ya ce ta ji kunya ta zauna a gida. Ta kashe wayar, ta leƙo ta ce, "Shamsiya, ɗauko jakarki, Lyon muka yi."

Mun iske shi a shagonsa na atamfa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage komai ba. Sannan ta kwance wani ƙulli a kan tebur. Sauran cokulan ne, duk da zanen fure iri ɗaya.

"Yaya," in ji ta, "akwatin naku ne, ku raba. Amma yaushe aka fara saka kayan ɗakin mace cikin gadon miji? Aro baban Sofia ya yi, bai ma tambaye ni ba."

Alhaji ya haɗe rai. "Batula, mutuncin ƙanena nake karewa. Matarsa a bakin ruwa kamar ɗan su?"

"Ƙanenka ne ya koya mini jifa, Yaya."

Wallahi daɗi ya kama ni har na kasa ɓoyewa. Ya dubi cokulan, ya dubi abokan ciniki da suka zuba masa ido, ya shiga ciki ya fito da cokalin, ya dangwarar.

Ba ta jira jirgin komawa gida ba. Ta ja ni har bakin kogin Saône, ta haɗa sandar da ta taho da ita a jaka, ta ɗaura cokalin. Ta jefa, ta jawo a hankali, ta sake jefawa. Can sai sandar ta lanƙwashe. Ta riƙe, ta ja, kifin ya yi tsalle muka ga cokalin a bakinsa. Sai zaren ya ce tas! Ruwa ya kwanta.

Ni ce na fara kuka. Duk wannan tafiya, duk wannan faɗa, kifi ya tafi da abin da ya rage mata na mijinta. Ita ma ta yi nata kukan, ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta share ido da bakin mayafi, ta kwance ƙullin, ta zaro cokali ɗaya ta juya shi a rana.

"Shamsiya," ta ce, "zarton baban Sofia yana ƙarƙashin gado. Shi Alhaji bai gan shi ba."